Takaba a Bakin Kwalta

Shekarar da aka shimfiɗa wa layinmu kwalta, babu wanda bai ɗan zautu ba a unguwar nan, har da ni mai ba ku labari. Layin da a da ko ɗan acaɓa sai ka haɗa shi da Allah kafin ya shigo da damina, sai ga shi manyan motoci suna tsayawa, masu babbar riga suna sauke gilashi suna nuna gidajenmu da leɓe. Mutanen ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume da 'yan bindiga suka hana barci, duk mai ɗan abin hannu a cikinsu Funtuwa ya nufo, kuma kowa muhalli yake nema. 'Yan kasuwar hatsi da masara ta yi wa rana suka ce ba za su ajiye naira tana narkewa a hannunsu ba, gara su maida ta ƙasa da bulo. Siminti kuwa kullum aka wayi gari sai ya ƙara kuɗi, har tsohon ginin ƙasa ya samu bakin yanga. Akwai kangon da awaki ke kwana a ciki a ƙarshen layi, ranar da aka taya shi sai da mai shi ya nemi benci ya zauna, aka yi masa fifita.

Kowa ya zama dillali. Mai shayi dillali, mai faci dillali, mai wankin hula dillali. Mijina Tajudeen ma, mu da muke haya ko bulo ɗaya ba mu mallaka ba, sai ya dawo daga shago ya zauna yana yi wa gidajen mutane kuɗi har tuwo ya huce. In na yi magana ya ce, "Ke dai bari, Rukayat, ai ko a baki ma da daɗi."

Iyayena daga Ilori suka zo, amma ni a Funtuwa aka yanke mini cibiya, kuma ɗinki nake yi a cikin gida. Katanga ɗaya ce ta raba mu da gidan Malam Ubaidullahi mai awon hatsi, gida mai faɗi, a daidai kwanar da sabuwar kwalta ta haɗu da babban titi. Matarsa Inna Hansai ita ta yi mini wankan jego a haihuwata ta fari, don haka ba maƙwabciya nake ɗaukar ta ba, uwa ce. A tsakiyar wannan zazzaɓin gidaje Allah ya karɓi ran Malam, ana fara zafin bazara.

Ranar sadakar uku, maza na zaune a tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa, na leƙa ta tagar ɗakin ɗinkina sai na hango Mannir dillali. Ya shafa fatiha ya zame daga cikin mutane, yana bin jikin katangar mamaci, yana jefa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, carbi a hannu, baki na motsi. Wanda bai san shi ba sai ya ce salati yake yi wa Malam. Awo yake! Da ya kai kwana ya juyo ya auna faɗin, fuskarsa sai ƙyalli take kamar an ba shi kujerar Makka.

'Ya'yan Inna biyu ne a raye. Abdulmutallib shi ne babba, yana tsaron shagon taki na wani a kasuwa, yana haya da iyalinsa a can wata unguwa. Sai Amatullahi da ke aure a Malumfashi. Bayan sadakar bakwai ina zaune wurin Inna na kawo mata kunu, suka shigo tare suna ƙyafta wa juna ido. Abdulmutallib ya durƙusa ya raɗa mata wani abu a kunne. Amatullahi da ta riga ta san zancen sai da guɗa ta kusa kufce mata, ta toshe baki da mayafi da ta tuna gidan makoki ne.

"Inna, kin ji fa," in ji Abdulmutallib. "Kuma wannan tayin farko ne. Mannir ya ce in muka yi haƙuri sai ya ninka."

Inna tana zaune a kan tabarma cikin farin zanen da ta ɗaura tun ranar rasuwar, babu kwalli babu ɗan kunne. Ba ta faɗin sunan Abdulmutallib, ɗan fari ne, Babba take ce masa.

"Babba, gida naku ne, gadonku ne, ban hana ku ba. Abu ɗaya na roƙa. A ɗakin nan Malam ya bar ni, a nan nake so in yi masa takaba, wata huɗu da kwana goma. Ran da na fita, ku sayar har da ƙasar da ke ƙarƙashi."

"Haba Inna! Wannan ai ba sai kin roƙa ba. Wa zai taɓa ki?"

"Har Umara za mu kai ki," in ji Amatullahi. "Tumuninki na gado kaɗai, Inna, sai kin rasa inda za ki sa shi."

Daga nan fa aka buɗe kasuwa. Yau wannan ya taya, gobe wancan ya ɗora. Mannir ya rame don zirga-zirga amma bakinsa har kunne. Wani ya ce gidan mai zai yi, wani ya ce ɗakin shan magani. Kowane tayi sai an tattauna shi a teburin mai shayi kamar sakamakon ƙwallo, ana tafi ana ihu. Abdulmutallib da a da in ya wuce ba mai ɗaga kai, sai ga shi ana tashi ana ba shi benci, ana ce masa Alhaji tun bai ga ko filin jirgi ba. Kafin a yi arba'in wani Alhaji Maitama, babban ɗan kasuwar hatsi da ya kwaso iyalinsa daga wajen Mahuta, ya doke kowa. Benen shaguna zai yi. Aka shaida masa akwai tsohuwa mai takaba a ciki, ya ce subhanallahi, ai uwa ce, ta zauna abinta. A fatar baki aka yi wannan magana, aka sha hannu, aka biya.

Wayyo, ku zo ku ga biki! Abdulmutallib ya sayi mota ruwan toka, ya shigo layi yana danna oda tun daga bakin titi, yara suka bi shi a guje, ya kwashe su ya zagaya da su har sau ba adadi. Amatullahi ta zo da leshi kala uku ta ce in ɗinka mata kafin Juma'a. Aka yi ta rabon goro da lemo. Ni kaina na sha, ba zan yi muku ƙarya ba, har na taya su murna, don a lokacin ban ga abin da ya ɓaci ba. Inna na ɗakinta tana jan carbi, ta ce Allah ya sanya alheri.

Ba a yi nisa ba siminti ya sake tashi, rodi ya bi bayansa. Wata safiya sai na ji dukan diga. Na fito na tarar leburori sun hau zauren Malam suna ɓamɓare kwano.

"Zaure ne kawai," in ji Abdulmutallib da na tare shi. "Alhaji yana son wurin sauke yashi. Me zaure ya tsare wa Inna? Ai ba a zaure take takaba ba."

Zaure ya tafi. Gida ya zama a buɗe, mai wucewa a titi yana hango igiyar shanya. Inna ta saki labule ta daina zama a tsakar gida. Bayan 'yan kwanaki aka ce ɗakunan gaba, ai babu kowa a ciki. Sannan madafi, wai layin harsashi ta nan ya bi, kuma ai matar Babba za ta riƙa aiko da abinci. Ta aiko kwana biyu, ranar ta uku aka ce mota ba mai. Ni na ci gaba da miƙa mata ta kan katanga, har ita ma katangar aka zo aka ture.

Kowane rusau da hujjarsa, kuma kowace hujja in ka ji ta sai ka ce ai gaskiya ne. Damina na tafe, in ruwa ya sauka ramin harsashi zai cika. Magina an riga an biya su, in suka tafi wani aiki sai an nemo su da kuɗi. Kuɗin tipar yashi na yau ba shi ne na gobe ba. Ba wanda ya taɓa cewa Inna ta fita. Kewaye ta kawai ake yi.

Ranar da suka kai ga bayi ne na san abin ya wuce wasa. Suka rushe katangar, suka cike ramin, suka ce a gefe za a kafa mata wani na buhu. Aka kafa, iska ta kwashe shi washegari. Ku tuna fa, mace ce mai takaba, wadda ko muryarta ba ta son namijin da ba muharraminta ba ya ji, ga ƙarti fiye da goma tun hantsi har magariba a tsakar gidanta, ba riga, suna kwaɓa siminti suna waƙa. Yaya za ta ratsa su da buta a hannu? Sai Inna ta samo dabararta. Ta daina shan ruwa da rana. A cikin zafin nan na bazara da ko ƙadangare ke neman inuwa, tsohuwa ta kulle kanta a ɗakin kwano, ba ta kurɓar komai sai leburori sun tashi.

"Inna, za ki kashe kanki," na ce mata.

"Rukayya, ai kamar azumi ne. Saura ƙiris."

Haka take kirana, Rukayya, tun ina yarinya. Leɓenta ya tsattsage, idanunta suka faɗa. In ta miƙe sai ta dafe mara ta ciji leɓe, ta ɗauka ban gani ba.

A waje kuwa shagali ake. Aka haƙa ramuka ta gabas da yamma, kudu da arewa, aka zuba kankare, rodi ya tsaya cirko-cirko, ɗakin Inna shi kaɗai a tsakiya da ɗan labulensa. Sai an gitta katako ake isa ƙofarta. Samari suka riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto da waya suna dariya, wai ga ɗakin da ya fi kowane ɗaki tsada a Funtuwa. Mannir kuma ya maida wurin abin talla. Ya kawo masu neman gida ya tsaya da su a bakin rami yana cewa, "Kun ga nan? Wata biyu da suka wuce aka saya. Yau in Alhaji ya ce zai saki, wallahi ribar kaɗai ta sayi gida a Malumfashi. Ku yi sauri, layin nan wuta yake ci!"

Na tare Abdulmutallib yana goge motarsa da tsumma.

"Yaya Abdulmutallib, ka shiga ka ga Inna kuwa? Ba ta shan ruwa fa."

"To ni na hana ta? Na ce ta dawo gidana ta ƙi. Tsufa ne da rikici."

"Alkawari kuka yi mata, a gabana."

"An yi, ban musa ba. Amma lokacin buhun siminti nawa yake, yanzu nawa yake? Alhaji kullum sai ya kira ni, ya ce asarar da yake yi a kan ɗaki ɗaya ta isa. Mutumin nan ya yi mana mutunci. So kike ya ce a warware ciniki? In dawo da me, motar?" Ya yarfe tsumman. "Ke da kike gidan haya, Rukayat, ba za ki gane lissafin masu gida ba."

Na haɗiye wannan, don in na buɗe baki a ranar sai an taru. Na kira Amatullahi a waya. Ta ce wallahi abin na damunta, ko barci ba ta yi, amma ita mace ce a gidan wani, me za ta ce? Kuma dai a duba, Baba ya riga ya tafi, zaman ɗaki ba zai dawo da shi ba. Kafin mu yi sallama ta tambaye ni ko na gama mata leshi na ukun.

Injiniyan Alhaji ya ce babban ginshiƙin bene a daidai tsakiyar ɗakin Inna zai zauna, in ba a zuba shi ba aiki ya tsaya. Sai aka shiga neman malami. Limamin layinmu ya ce shi ba ruwansa, a ji tsoron Allah. Suka je can wata unguwa suka ɗauko wani a sabuwar mota, aka gitta masa katako ya tsallaka yana tattare riga, ya tsaya a bayan labule. Ina ciki tare da Inna.

Ya yi sallama ya yi ta'aziyya, sannan ya karanto ya fassara. Ya ce asali mai takaba a gidan mijinta take zama, haka ne, amma shari'a ba ta matsa wa kowa ba, in akwai lalura ta halatta ta koma wani wuri ta ƙarasa.

Inna ta ce a hankali, "Allah gafarta Malam, na ji. Gobara ce ta kore ni, ko ambaliya?"

"A'a, Hajiya."

"'Yan bindiga ne suka shigo?"

"A'a, ba haka ba."

"To wace lalura ce? Faɗa mini sunanta, in san abin da zan ce wa Malam in mun haɗu."

Malamin ya yi gyaran murya, ya dubi Abdulmutallib. Abdulmutallib ya dubi rodi. Wani lebura da ke jin su daga cikin rami ya ce, "Siminti ne, Baba!" Sauran suka kwashe da dariya. Malamin ya tattare rigarsa ya koma ta kan katakon, ko sallama bai yi ba.

Saura kwanaki kaɗan ta fita, jiki ya ƙi. Zazzaɓi ya rufe ta, fitsari ya zama da jini, ko zama ba ta iya yi sai na tallafe ta. Wannan karon lalurar gaskiya ce, ni da kaina na ce sai an je asibiti. Ta ƙi.

"In na fita, Rukayya, ba zan tarar da ɗakin ba."

Abdulmutallib ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa, har da hawaye, kuma na yarda hawayen gaske ne, don uwa uwa ce.

"Inna, ƙarin ruwa kawai za a yi miki mu dawo. Wallahi tallahi babu mai taɓa ɗakin nan. Ni da kaina zan dawo da ke kafin la'asar."

"Ka rantse, Babba?"

"Na rantse, Inna."

Ta sa ni na ja ƙofar na sa kwaɗo, ta karɓi makullin ta ƙulle a bakin zaninta. Muka tallafe ta muka tsallaka katako. Wannan ce ranar farko da ta shiga motar da aka saya da gidanta. A asibiti aka sa mata ruwa, likita ya yi ta faɗa, wa ya bar tsohuwa ta bushe haka? Abdulmutallib yana waje, waya a kunne, yana kai da komo. Da ruwan ya ƙare ya ce gara mu wuce gidansa ta ɗan huta. Inna ta ce a'a, ɗakinta. Ya ce akwai cunkoso ta wajen. Ta ce ɗakinta. Ya ja mota kamar mai tafiya a kan ƙwai.

Tun daga kwana na hango sararin. Babu ɗaki. Gadonta da akwatinta da 'yan kwanukanta an jera su tsaf a gefen titi an lulluɓe da tamfol, an ɗora bulo a kai kada iska ta ɗauka. Har an share wurin, an ja igiya, an fara haƙa. Ginin ƙasa ne, bai ɗauke su komai ba. Mannir na tsaye da wasu baƙi biyu, da ya ga motar ya ɗago hannu yana washe baki, "Alhaji Abdulmutallib! Albishirinka, kangon ƙarshen layi ma ya tashi yau!"

"Ba da sanina ba ne, Inna," in ji Abdulmutallib, hannunsa a kan sitiyari, bai waiwayo ba. "Wallahi na ce musu su jira. Amma tunda an riga an yi, ai sai haƙuri. Kwana nawa ne ma ya rage?"

Inna ta buɗe ƙofa da kanta ta sauka. Na riƙe ta, ta ratsa yashi da tsakuwa da ƙafarta, leburori suna matsawa suna sunkuyar da kai, waƙar ta mutu. Ta tsallaka katakon, ta isa inda ɗakin yake, ta tsaya a gefen sabon ramin. Daidai nan aka kira la'asar.

Na sha jin ana cewa gida ya yi tsada a Funtuwa. Ƙarya ne, ni na ga arahar da aka yi. An sayar da alkawarin ɗa ga uwarsa a kan 'yan kwanakin da ba su kai a kira su komai ba, kuma duk layinmu muka tsaya muna tafi, muna lissafin abin da namu zai kai. Ba wanda ya zage ta, ba wanda ya ɗaga mata hannu, kowa da ladabinsa da hujjarsa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ta ce in ba ta ruwa. Na karɓo buta wurin magina, na kare ta da mayafina ta yi alwala. Ta kwance gyalenta ta shimfiɗa a kan ɓaraguzan. Sai ta tsaya. Ta juya dama, ta juya hagu, ta dubi rodin da ya kewaye ta, ta dubi titi. Shekara arba'in da wani abu tana sallah a wannan wuri tana fuskantar bango ɗaya, ba ta taɓa buƙatar tambayar kowa ba.

Ta kamo hannuna, muryarta ƙasa-ƙasa don kada mazan su ji.

"Rukayya, nuna mini gabas."